Madannin kyamarar K1000 ya nutse ya ƙi tasowa: in buɗe da kaina ko in kai wa mai gyara?

Ummi Mai Hoto:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen masu sani. Kyamarar fim Pentax K1000 ce da ni, jiya igiyar wuyanta ta maƙale a hannun kujera, ta zamo daga kan tebur ta faɗi da ka. Gilashin gaba lafiya ƙalau, madubin ciki ma bai fashe ba, amma madannin ɗaukar hoto ya nutse ya karkace gefe guda. Ba ya shiga, ba ya tasowa. Hannun jan fim shi ma ya cije, ko motsi ba ya yi. Ga fim a ciki na kusa cinye shi, kuma hotuna ne da ba zan so in rasa ba. Ta ina zan fara?

Sarkin Sauri:
Wa alaikumus salam. Batir ne wannan, ba wani abu ba. In kyamara ta faɗi batir yakan goce daga mazauninsa. Ciro shi ki goge ki mayar, za ki ba ni labari.

Injiniya:
Sarki, ba a K1000 ba. Ɗan batir ɗin LR44 da ke ƙasanta aikinsa ɗaya ne, ya motsa allurar mitar haske. Cire shi ka jefar, za ta ci gaba da ɗauka daga daƙiƙa 1 har 1/1000, domin komai nata sifirin ne da giya. Kai ka saba da Canon AE-1, wadda maganaɗisu ne ke sakin labulenta, wato abin da ke buɗewa haske ya faɗa kan fim, in babu batir mai bolt 6 sai ta zama dutse. Shekara ɗaya suka fito, 1976, amma ba hanya ɗaya suka bi ba.

Sarkin Sauri:
To ai gwadawa ba ta cin komai.

Abu Maza:
Ƙanwata ki samu man nan na fesawa WD-40 ki ɗan fesa a gefen botin ɗin, ki bar shi ya jiƙa, sai ki kama da filaya ki ja sama. Na sha yi wa ƙofa da makulli, nan take suke saki.

Hajiya Mai Ɗakin Duhu:
Innalillahi! Ummi, don girman Allah kada ki fesa komai. Abu, kyamara fa aka ce, ba ƙyauren gareji ba. Wannan man ba ya tsayawa inda aka sa shi, bin jiki yake yi. Yau yana gindin madanni, gobe ya gangara kan giyoyin da ke auna saurin labule, jibi ya isa kan labulen da kansa, wanda yadi ne mai rufin roba. Daga nan ƙura ta manne, saurin 1/500 da 1/1000 su daina daidai, madubin leƙe ya yi hazo. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Filaya kuma za ta tauna kan madannin ta bar shi da tabon da ba ya gogewa.

Kafin komai ki ceci fim ɗinki. Ki juya kyamarar, a ƙasanta akwai ɗan ƙaramin boti, ki danna shi ya shige. Sai ki ɗaga ɗan hannun naɗewa da ke hagu ki juya a hankali yadda kibiya ta nuna. Za ki ji nauyi, ki ci gaba har ki ji ya saki ya zama sakayau. Sannan ki buɗe baya. Wannan ɓangaren bai damu da madannin sama ba, ko ya nutse ko bai nutse ba fim zai koma gwangwaninsa.

Baba Mai Gyara:
Hajiya ta gama magana a kan mai da fim, ba ni da ƙari. 'Yata Ummi, ki amsa mini tambaya uku kafin kowa ya sake ba ki magani.

Na farko, kusa da madannin akwai wata 'yar taga kamar ƙwayar ido. Wane launi take nunawa yanzu, ja ko baƙi? Na biyu, ki cire gilashin gaba ki leƙa, madubi yana ƙasa a mazauninsa ko ya maƙale a sama? Na uku, akwai wani abu da kika ɗaura a ramin da ke tsakiyar madannin, ko haka yake tsirara?

Kuma ki cire hannunki daga hannun jan fim. Yawancin kyamarorin da ake kawo mini a mace, ba faɗuwa ce ta kashe su ba, ƙarfin da mai ita ya gwada bayan faɗuwar ne.

Ummi Mai Hoto:
Hajiya na gode, fim ya fito lafiya. Sai dai botin ƙasan da na danna shi ma bai dawo ba, ya zauna a ciki. Ko na ƙara wata ɓarnar ce?

Baba, taga ja take nunawa. Madubi yana ƙasa. Kuma eh, akwai wata 'yar hular ƙarfe ja mai faɗi da na ɗaura a kai don yatsa ya ji daɗin dannawa. Na tsinci kan hular a ƙasa, ashe ta karye ne, guntun ƙafarta yana nan cikin ramin.

Hajiya Mai Ɗakin Duhu:
Na ƙasan haka yake, ki kwantar da hankalinki. Sai an sake jan hannun fim yake fitowa da kansa.

Baba Mai Gyara:
Madalla, labari ya yi daɗi. Ja na nufin kyamarar a ɗane take, an ja labule, jira kawai take a sake shi. Saboda haka cijewar hannun jan fim ba ciwo ba ne, aikinsa yake yi: an ƙera shi ya kulle har sai an ɗauki hoton da aka ɗana, don kada a tsallake fim. Da taga baƙi ce kuma hannu ya cije, ko madubi ya tsaya a sama, da na ce bugun ya shiga ciki.

Abin da mutane ke kira madanni, kan abin ne kawai. Ɗan bututu ne da ke zaune a cikin murfin sama, da siririn tsinken ƙarfe a cikinsa, a ƙarƙashinsu kuma akwai sanda doguwa da ke gangarawa cikin jikin kyamara ta ture ƙugiyar da ke riƙe da madubi. Madubi ya tashi, shi kuma ya saki labule. Sifirin da ke dawo da madannin sama yana tare da wannan sandar. Naki ya tsaya ne a rabin hanya, bai kai inda zai ture ƙugiya ba, kuma ya matse a bakin ramin murfi ya kasa komawa. Wannan hular ita ta karɓi bugun, kuma da yake tana da tsawo sai ta zama kamar liba, ta banƙare abin da take ɗaure a kai.

Ɗan Zamani:
Shi ya sa ban taɓa ganin amfanin waɗannan hulunan ba. Ado ne kawai. Injiniyoyin da suka zana kyamara sun nutsar da madanni daidai yadda ba zai riƙa kama jaka ba, sai mutum ya zo ya dasa masa hasumiya. Ga K1000 ba ta da makullin madanni ma, ka sa ta a jaka a ɗane, hular ta dannu, ka yi asarar hoto a banza.

Injiniya:
A'a, suna da amfani. Da faɗin nan kana dannawa da tsokar yatsa a hankali maimakon ka soka da ƙarshensa, kuma a saurin 1/30 ko 1/15 ana ganin bambanci wajen rawar hannu. Laifin a cire ta ne kafin a ajiye, ba a yi ba.

Ɗan Zamani:
Wa ke tunawa ya kwance ta kullum? Abin da sai ka yi masa gadi ba taimako ba ne.

Sarkin Sauri:
Ku bar musun hula. Ummi, ga dabara mai sauƙi: ɗiga sufa gulu a kan tsinken sakace, ki manna shi a kan guntun da ya karye, ki jira ya kama, ki murɗo shi waje. Daga nan ki ja madannin sama. An gama, ba sai an kwance ko sukuru ɗaya ba.

Baba Mai Gyara:
Ɗana Sarki, dabarar tana aiki a wani wurin, amma ba a nan ba. Sufa gulu ruwa ne tsararo, kuma ramin nan ba toshe yake ba, ya zarce har ƙasa, domin ta nan wayar ƙarfe ta dannawa daga nesa take tura tsinken ciki. Ɗigo ɗaya ya bi ta gefen tiredi, ka haɗe guntu da madanni da tsinke sun zama abu guda. Ga kuma tururinsa da ke barin farin hazo a kan gilashi, shi kuwa gilashin leƙe yana nan maƙwabtaka.

Tiredin wannan ramin tsukakke ne, faɗi a sama, matsi a ƙasa. Amfanin haka shi ne da guntun ya motsa ko kwata ɗin juyi, ya saki ke nan. In da madannin a miƙe yake, sai in ce ta sa bakin allura mai kauri a gefen guntun ta riƙa tura shi ta hagu kaɗan-kaɗan, ko ta danna robar goge fensir a kai ta murɗa. Amma tunda ya karkace, ko guntun ya fita matsewar na nan. Murfin sama sai ya tashi.

Hajiya Mai Ɗakin Duhu:
To in dai sai an ɗaga murfi, ni shawarata ta kai wa mai gyara. Baba kai hannunka ya saba, kana faɗa kamar wasa. Na ga mutane da yawa sun buɗe kyamara da ƙwarin gwiwa, sun ƙare da kofi cike da sukurori da sifirin ɗin da ba su san gidansa ba. Kuma kyamarar da ta faɗi da ka tana bukatar a duba fiye da madanni.

Injiniya:
Hajiya, masu gyaran irin wannan ƙarewa suke yi, matasa ba sa koyo. In kowa ya ji tsoron sukundireba, nan da 'yan shekaru wa za a kai wa? Kuma in akwai kyamarar da ta dace mutum ya fara koyo a kanta, ita ce wannan. An ƙera ta daga 1976 har 1997, ta cika duniya, kayan gyaranta ba sa wuya, cikinta kuma a sarari yake. Ba irin su AE-1 ba da ke da siraran hanyoyin lantarki shimfiɗe a ƙarƙashin murfi.

Hajiya Mai Ɗakin Duhu:
A koya a kan matacciya, ba a kan wadda ake aiki da ita ba.

Baba Mai Gyara:
Dukanku kuna da gaskiya, zaɓi na mai kaya ne. Ni dai zan faɗi wuraren da ake faɗawa rami, in ta ji za ta iya, bismillah.

Kayan aiki tukuna. Sukurorin kyamarorin Japan masu kan gicciye tsarin JIS ne, sun yi kama da Phillips amma ba su ba ne. Sukundireban Phillips yana zamewa ya cinye kan sukuru, kuma ƙaramin sukuru in kansa ya cinye kin shiga uku. Ki nemi na JIS ƙanana, da matsefata, da sifana mai baki biyu kamar tsinke, da ɗan faifan roba na murɗe zobe. Ki shimfiɗa farin tawul a kan tebur don abin da ya faɗo kada ya yi tsalle. Kowane abu kafin ki cire ki ɗauke shi hoto da waya, ki jera su daga hagu zuwa dama yadda suka fito.

Ramin farko, ƙullin naɗe fim. Ki buɗe baya, ki sa guntun katako tsakanin yatsu biyun da ke kama gwangwanin fim, ki murɗe ƙullin ta hagu. Da ya fita, kada ki rufe bayan kyamarar. Sandar da ƙullin yake ɗaure a kai ita ce mabuɗin baya, in kika rufe ta zame ciki, kin kulle kanki a waje. Ni tef nake liƙawa a kan harshen makullin don kada hannu ya rufe bisa sabo.

Rami na biyu, ɓangaren hannun jan fim. Murfin ƙirgen hotuna yana da 'yan mitsi-mitsin sukurori uku a gefe, sassauta su kawai za ki yi, kada ki fitar, in suka faɗi ba za ki sake ganinsu ba. A ƙarƙashi akwai sukuru a tsakiyar faifan lambobi, kuma na hagu ne. Wato ɓangaren da ake ɗaure sauran, nan ake kwance shi. Wanda bai sani ba yana ƙara ƙarfi yana cewa ya yi tsatsa, har kan ya tsinke. Zoben da ke ƙasansa ma haka yake.

Rami na uku, faifan sauri, wanda ake zaɓar saurin labule da shi. Ki rubuta inda ya tsaya da lambar ASA da ke kai, wato lambar ƙarfin fim wajen karɓar haske, kafin ki cire, kuma kada ki juya komai a ƙasansa, don ya koma yadda ya fito.

Na ƙarshe, wajen ɗaga murfin. Ki ɗaga shi sama sak, a hankali, kyamarar tana zaune a kan tawul. Tsinken cikin madanni ba a ɗaure yake ba, zamewa yake yi. Siriri ne, kuma in ya ɓata wayar dannawa ba za ta sake aiki ba.

Abu Maza:
Baba duk wannan don boti ɗaya? Ni tawa Yashica Electro 35 ce, ita ma madanninta ya yi wani iri, kuma ƙarar "ƙwas" da take yi in an ja fim ta daina. Haka ni ma zan bi?

Baba Mai Gyara:
Taka daban ce. A cikinta akwai ɗan guntun roba da ke tsakanin sandar madanni da sandar da ke jan makunnan lantarki. Tun daga 1966 aka fara yin wannan samfurin, roba kuwa ba ta kai wannan shekarun, narkewa take yi ta zama kamar ƙaro. In ta narke sandar ba ta kaiwa inda ya kamata, ƙarar ta ɓace, auna haske ya rikice. Sabon guntu mai kaurin kamar milimita 2 ake sawa. Madannin kansa lafiyarsa ƙalau.

Injiniya:
Haka Minolta X-700. Ka danna, fitilun ciki su kama su mutu, labule bai motsa ba, mutum ya ce boti ya lalace, alhali kafasita ce, wata 'yar aba mai riƙe caji a ciki, ta tsufa. Nikon FM2 kuma in hannun jan fim yana kwance jikin kyamara madanni a kulle yake, sai an ɗan jawo hannun waje. Akwai masu ɗaukarta zuwa gyara a kan wannan kawai.

Ummi Mai Hoto:
Hajiya ki yi haƙuri, na bi ta Injiniya. Na samu kayan aikin, murfi ya tashi, tsinken ma yana hannu, kan tawul ya faɗo kamar yadda Baba ya ce. Abin da na gani: bakin ramin murfin ya loɓa ciki ta gefen gaba, shi ya shaƙe madannin. Da na tura madannin daga ciki da katako ya fito, sai na ga wuyansa ya ɗan lanƙwashe, akwai layi mai sheƙi inda ya goga. Na sa allura na juya guntun, ya fito ba gardama. Yanzu fa?

Baba Mai Gyara:
Barka 'yata. Yanzu gwajin da zai raba gardama. Ki duba daidai inda madannin yake zama, za ki ga kan sandar. Ki danna ta da tsinken sakace, a tsaye.

Ummi Mai Hoto:
Ta ɗauka! Madubi ya tashi ya dawo, taga ta koma baƙi, sandar ma ta taso da kanta. Na ɗora hannun jan fim na ja, ya tafi sumul, botin ƙasa ya fito.

Hajiya Mai Ɗakin Duhu:
Alhamdulillahi. Ban canza ra'ayi ba dai, sa'a kika yi da Baba yana kusa.

Ɗan Zamani:
Saura madannin. Ni a ganina ta nemi wadda aka yanka ta ciro madanni da murfi gaba ɗaya ta ɗora. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka miƙar ba ya komawa daidai.

Injiniya:
Madanni eh, murfi a'a. Ba duk K1000 ne iri ɗaya ba. Na farko a Japan aka yi su, daga baya aiki ya koma Hong Kong, a 1990 kuma ya koma Sin, inda murfin sama da na ƙasa suka zama roba, aka cire sunan Asahi daga goshi. Ummi tunda nata ya loɓa bai tsage ba, na ƙarfe ne. In ta sayi murfi a makance tana iya samun na roba ta sauya mai kyau da wanda bai kai shi ba.

Baba Mai Gyara:
Murfin nata zai gyaru. Ki kife shi a kan katako mai laushi, ki samu sandar katako mai zagayayyen baki daidai ramin, ki riƙa turawa daga ciki da hannu. Ba guduma, ba ƙarfe a kan ƙarfe, in ba haka ba farin rufin zai ɓare. Ba kyau muke nema ba, so muke madanni ya wuce ba tare da ya taɓa gefe ba.

Shi madannin, ki mirgina shi a kan gilashi ki ga yawan rawar da yake yi. In kaɗan ce, ki naɗe shi da fata ki miƙar da yatsu. In kika ga ko alamar tsaga a wuyan, ki bi maganar Ɗan Zamani ki nemi wani, domin zai karye ne ran da kike tsakiyar aiki. Ki goge shi da ramin da sifirit mai ƙarfi a kan auduga, ki mayar a bushe. Wurin nan ba ya son mai ko giris.

Sarkin Sauri:
Ashe dai ba batir ba ne. Amma ta duba shi, faɗuwa ce fa.

Injiniya:
Wannan karon ka yi daidai. Ummi ki sa ASA a 100, faifan sauri a kan harafin B, ki leƙa: in allura ta haura sama ta tsaya, batir na da rai.

Ummi Mai Hoto:
Na haɗa komai, ba abin da ya yi saura a kan tawul. Babu tsaga a wuyan, ya miƙe, yana shiga yana fita. Allura ma ta haura. Sai dai ina jin ɗan gogawa a ƙarshen dannawa, ba kamar da ba. In sa fim?

Baba Mai Gyara:
Tukuna. Ki buɗe baya, ki cire gilashin gaba, ki sa a B. Danna ki riƙe: labule ya tsaya a buɗe muddin yatsanki na kai, kuma ya rufe nan take da kin ɗaga. In ya yi jinkirin rufewa ko da ƙiftawar ido ne, madannin bai gama samun hanya ba, ki sake ɗaga murfi ki ƙara buɗa gefen gaban ramin. In ya wuce wannan, ki mayar da gilashi ki auna wani abu mai nisa sosai ki ga ko yana fitowa tar a alamar nisa ta ƙarshe da ke jikin gilashin, don bugu yakan gusar da madubi. Ki gaya mini abin da B ta yi kafin ki sa fim.

Hajiya Mai Ɗakin Duhu:
Kuma tunda bayan a buɗe yake, ki shafa sosan da ke gefen ƙofa da wanda madubi ke bugawa a sama. In ya manne miki a yatsa shi ma lokacinsa ya yi.